Gwaggo Kulu, Mai Wankan Matan Unguwarmu

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe tara na safe, ina tsaye gaban ɗalibaina a Sakkwato, wayata ta dinga ruri a cikin jaka. Ban saba ɗaukar waya a aji ba. Da ta yi na huɗu sai na fita baranda. Ummaru ne, ɗan Gwaggo Kulu, daga Illela. Bai tsaya gaisuwa ba, abin da ban taɓa ji daga bakin mutumin Illela ba.

"Balki, Inna ta cika. Yanzun ga."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗe shi tsaf yadda aka koya mana, na ƙara da Allah ya jiƙanta, Allah ya ba ku haƙuri. Ina shirin cewa zan shigo ranar sadakar uku sai ya katse ni.

"Ke muka jira. Ta ce ke za ki yi mata wanka."

"Ni?"

"Ke hwa. Tun watan jiya ta hwaɗi, gaban liman. Ga mutane sun hwara taruwa, kuma kin san zahin ga. Liman ya ce da an yi azahar za a sallace ta, ko kin zo ko ba ki zo ba."

Zan faɗi gaskiya tunda ita nake tunawa, ita kuwa ba ta son kwaskwarima. Na koma aji na ƙarasa darasin. Minti ashirin na ƙara ina magana, ban san me na ce ba. Ina fata ne in na ɓata lokaci, lokacin zai yanke mini hukunci, in samu abin da zan ce. Da na duba agogo na ga har yanzu in na tashi zan isa, sai na ɗauki makullin mota.

Wanda bai tashi a unguwarmu ba zai tambaya wace ce ita a wurina. Ba mu haɗa jini ba. Mahaifina ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da aka turo Illela daga Sakkwato tun ban yi wayo ba, ya kama gida, ya zauna har ya yi ritaya. Gidan da ke fuskantar namu na 'yan kasuwa ne masu fataucin albasa da kanwa tsakanin Illela da Kwanni da ke hayin iyakar ƙasa, rabin danginsu a wancan ƙetaren. A nan Gwaggo Kulu take. Fiye da shekara arba'in, duk macen da ta mutu a unguwarmu, da wasu unguwannin ma, ita ce ta wanke ta.

Illelar da na tashi a ciki ƙaramin gari ne da ke kumbura ranar Lahadi ya sace ranar Litinin. Tun Asabar da yamma raƙuma da shanu ke shigowa, Buzaye su sauka a bakin kasuwa su hura wutar shayi. Muna yara ana aikenmu Kwanni sayen dogon burodin nan mai tauri, mu je mu dawo babu wanda ya tambaye mu takarda. Tsofaffi na ƙulle naira da sefa a bakin zane ɗaya. Tafkin Kalmalo a lokacin ruwa ne na sosai, ana kawo tarwaɗa da ranta a cikin kwando, tana bugun jela har ƙofar gida. Mutanen zamanina suna son cewa a lokacin an fi zumunci. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne an fi sanin juna, kuma sanin juna bai hana a guji mutum ba.

Gwaggo Kulu fura take yi da farko. Innata ta ce ba a taɓa yin fura mai laushin tata a unguwar ba. Da ta fara wankan gawa sai ciniki ya dinga raguwa. Babu wanda ya ce mata komai. Mutanenmu ba su da rashin kunyar faɗa, sai dai su daina zuwa. Matar da jiya ta aiko a kira ta da kuka don ta wanke mata uwa, yau ita ce za ta aika a sayo fura can gaba, a wuce ƙofar Gwaggo. A ƙarshe ta kife ƙwaryar, ta koma ƙulla kanwa da gishiri, abin da ake jefawa a tukunya wuta ta tsarkake shi. Ranar biki kuwa ana gayyatarta da girmamawa, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo mata nata kwanon ita kaɗai. Ba na tuna ranar da na ga hannunta da na wata a akushi ɗaya, in ba na Innata ba.

Na taɓa jin Innata tana yi mata ƙorafi a kan haka, ranta a ɓace. Gwaggo ta yi dariya, ta ɗaga hannuwanta biyu ta dube su.

"Bar su, Hajiya. Hannun ga sunka ƙi, dut gare shi za su komo."

A tsakar gidanta akwai wata babbar magarya da rassanta suka tsallako katanga. Mu yara muna tsoron matar, amma ba ma tsoron 'ya'yan itacenta. Mukan yi jifa daga waje mu tsince, in mun ji motsin ƙyaure mu watse. Ana ce mana in ta taɓa kan yaro ba ya kai baɗi. Wata rana ƙaya ta kama mini zane, sauran suka gudu, ta fito ta same ni. Ta durƙusa ta cire ƙayar ɗaya bayan ɗaya, ta cika mini gefen zane da magarya, sannan ta dafa kaina.

"'Ya'yan naku ne, ku ci. Ganyen ne kak ku ɓata min, na masu tahiya ne."

Na yi shekara guda ina jiran mutuwa. Ban gaya wa kowa ba. Sai daga baya na gane da ganyen take aiki: ta shanya shi a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, ta zuba a ruwan wanka.

Akwai wata Lahadi da ba na mantawa, ina aji shida na firamare. Wata mata ta sauko daga motar da ta taho daga arewa, ta zauna a gindin bango a tasha, ba ta ƙara tashi ba. Babu wanda ya san ta. Yaren da ta yi kafin ta yi shiru babu wanda ya ji shi, kuma a Illela ranar kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. An dai ga tasbaha a wuyanta. Maza suka tsaya suna shawarar wanda alhakin ya rataya a kansa, na wannan ƙetaren ko na wancan. Suna cikin shawara Gwaggo Kulu ta sa aka ɗauko matar a amalanke aka kai ta gidanta. Ta buɗe kwallar da take ajiyar nata likkafanin, wanda ta saya ta ajiye don ranarta, ta yanka wa baƙuwar. Innata ce ta zuba mata ruwa. Da ta dawo gida sai ta ce wa Babana, "Ka san tana yi mata magana? Baƙuwa take ce mata. Sannu Baƙuwa, kin sha hanya." Sau uku a sanina Gwaggo ta ba da likkafaninta haka, ta sake sayen wani.

A shekarar da amai da gudawa ya shigo gari, har aka hana mu shan ruwan rijiyar bakin kasuwa, wasu gidajen ko danginsu ba sa shiga. Ita tana shiga. Takan fita da safe da ƙoƙonta da faffaɗan katakon da take kwantar da mamaciya a kai, wani lokaci sai la'asar mu ga dawowarta, ta zauna a gindin magarya ta miƙe ƙafa, ba mai kusantarta. Ba ta karɓar komai a kan aikin sai ragowar sabulu. Kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin bakinta a kan jikin kowa ba. A garin da ake sanin abin da ke cikin tukunyar maƙwabci kafin ya sauke, wannan mata ta ga tabon duka, ta ga ciwon da aka ɓoye, ta ga cikin da ba a faɗa ba, ta tafi da su duka kabari.

Abin da ya shiga tsakanina da ita ya faru ne ina shekara ta biyu a jami'a. Aka aiko in zo, Innata ba lafiya. Na yi kwana shida a gefenta, ranar na bakwai da hantsi ta rasu. Ina zaune a tsakar gida ina kuka, 'yan uwan Babana da suka zo daga Sakkwato sun kewaye ni, sai na ji an kama wuyan hannuna. Gwaggo Kulu ce.

"Taso, ki zuba min ruwa."

Yayar Babana ta miƙe. "Haba Kulu! Yarinya ce, ko amre ba ta yi ba. Ga manya zaune."

Gwaggo ta dubi manyan ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta sami abin kallo a ƙasa.

"Ta isa ta bar gida ta tahi jami'a, ba ta isa ta riƙa ƙoƙo ga uwatta ba? Taso, ɗiyata."

Ta ja ni, na bi ta. Ta rufe ƙofa. Na ɗebo ruwa zan zuba, ta riƙe hannuna, ta tsoma gwiwar hannunta a cikin bokitin.

"Kullum ki gwada. Mai rai in kin ƙona shi shina hwaɗi. Wagga ba ta hwaɗi."

Daga nan ta shiga aikinta, tana gaya mini inda zan zuba da inda zan tsaya. Ta naɗe ƙyalle a hannu, ta yi wa Innata tsarki a ƙarƙashin zane, ta yi mata alwala, ta tsefe mata kitso. Kafin ta taɓa kowace gaɓa sai ta sanar da ita. Hajiya, za mu ɗaga hannu. Sannu Hajiya, za mu juya ki. Kamar mai jinya, kamar Innata za ta ce a dakata. Ni kuwa ina tsaye ina kallon matar da ta haife ni ana juya ta kamar jaririya, kanta na lilo in ba a tallafa ba. Da aka gama, kafin ta buɗe ƙofa, ta ce, "Abin da kinka gani ɗakin ga, nan za ki bar shi."

Ban yafe mata ba. Shekaru masu yawa in na rufe ido in tuna Innata, ba ta zo mini tana dariya ko tana tankaɗe, sai a kan katakon nan. Na ɗauka Gwaggo Kulu ta ƙwace mini uwata ta ba ni gawa. Ban yi mata rashin kunya ba, an yi mini tarbiyya. Na yi mata abin da 'yan boko suka iya. Da salla in aika mata atamfa. In na shigo gari in gaishe ta daga zaure, ina duba agogo. Da na zo rubuta kundin kammala digiri a kan sana'o'in mata a garuruwan kan iyaka, na je mata da rikoda da takardar tambayoyi, na zauna a kan kujera tana kan tabarma. Na saka ta a babin sana'o'in da ba sa kawo riba.

A hirar nan ne kaɗai na ji yadda ta fara. 'Yarta ta fari, A'isha, ta rasu wajen haihuwa. Tsohuwar da ke wanka a lokacin ta zo tana sauri, don tana da wani gidan, ta watsa wa yarinyar ruwan randa da sanyin safiya, ta fizgi hannunta da ya sandare. Gwaggo tana tsaye tana kallo. Bayan arba'in ta je wurin wani malami ta ce ya karanta mata babin, ta haddace, ta bi tsohuwar tana riƙe mata ƙoƙo har tsohuwar ta gaza. Na rubuta wannan duka a layi huɗu. Da kundin ya fito na kai mata ta gani, da bangonsa mai ruwan zinariya. Ta auna nauyinsa a tafin hannu.

"Masha Allahu. To, takardar ga ta iya wanka?"

Na ci babban maki a kundin.

Ganina da ita na ƙarshe da babbar sallar bara ne. Garin ya zama na jarkokin mai da babura, ƙarar kabu-kabu ba ta barin a ji sallama. Ummaru ya sare magaryar ya fitar da shaguna biyu a wurin, kuma ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Idon Gwaggo ya kusa tafiya, amma an ce har lokacin ana zuwa a ja ta a kai ta gidan rasuwa, ta yi aikin da lalube. Wannan karon ba ta bar ni na tsaya a zaure ba. Ta kama hannuna ta shafa shi ciki da baya.

"Hannun ga bai san wahala ba. Amma ba shi rawa. Ranar Hajiya na lura, kina kuka awa ranki shi hita, ruwa na zuba daidai."

Na yi dariya na tambaye ta ciwon ƙafa. Na ɗauka surutun tsufa ne.

Duk wannan na tuna shi a hanya, tsakanin shingen jami'ai da shinge, kowanne da gaisuwarsa da tambayarsa. Na shiga Illela sha biyu ta wuce. Maza sun cika ƙofar gida a inuwar shagunan, makara na jingine da bango. Ummaru ya taso, idonsa jajur.

"Kin ga rana, Balki. Don Allah."

Na shiga ciki. Mata sun fi hamsin a tsakar gidan, kuma na san mafi yawansu. Babu ɗaya da Gwaggo Kulu ba ta wanke mata uwa ko ƙanwa ko ɗiya ba. Suna ganina aka yi ajiyar zuciya gaba ɗaya, irin wadda ake yi in motar da aka daɗe ana jira ta iso. A nan na gane wasiyyar ta zame musu inuwa. Da ba ta ambaci sunana ba, da sai sun dubi juna. Shekara arba'in unguwa guda ta jingina da mace ɗaya, ana kiranta da kuka, ana gudun furarta, kuma bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba cewa ita ma za ta kwanta.

Na ce, "Ni fa sau ɗaya na taɓa gani. An fi shekara ashirin. Ban iya ba."

Malama Rabi, mai koyar da matan aure a Islamiyyar unguwar, ta matso da littafi a hannu. Mace ce mai gaskiya. Ta ce a hankali, "Hajiya Balki, shekara goma ina karantar da babin ga. Ban taɓa sa hannu ba, kullum Gwaggo na nan. In kin shiga ina shiga, in hwaɗa miki abin da ke biye." Wata yarinya daga baya ta ce akwai bidiyon yadda ake yi a wayarta. Ba wanda ya tsawata mata, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Hadiza, matar Ummaru, ta kawo kwallar. Na buɗe. Likkafani a yanke, kowane ƙyalle a ninke daban, zane da riga da kallabi da na naɗewa. Sabulu, kafur, ƙyallen hannu, tsohon ƙoƙon da bakinsa ya cinye. A ƙasa ƙullin garin ganyen magarya, ɗan kaɗan, na ƙarshen itacen da aka sare. Hadiza ta ce tun da aka sare shi take aikawa a samo mata ganye daga daji don sauran mutane, wannan ta hana a taɓa.

Malama Rabi za ta taya ni juyawa. Saura mai zuba ruwa. Na tambayi wadda za ta yi. Hadiza ta ce zuciyarta ba ta ɗauka. Wata ta ce ba ta da tsarki, wata hawan jini. A bakin ɗaki Indo ce zaune, ɗiyar Ummaru, wadda aka sa wa sunan A'ishar da ta rasu. Shekararta ashirin, tana karatu a Sakkwato, tare da kakarta take kwana in ta zo hutu. Tana kuka ba sauti. Ban yi shawara da kaina ba. Na ga hannuna a wuyan hannunta.

"Taso, ki zuba min ruwa."

Hadiza ta ce, "Hajiya, yarinya ce! Ko amre ba ta yi ba."

Na buɗe baki in ba ta amsa, na ji amsar a shirye take tun shekara ashirin da wani abu. Ban faɗe ta ba. Na dai ja yarinyar, na rufe ƙofa.

An kwantar da Gwaggo a kan katakonta. Ta ƙanƙance ƙwarai. Indo ta ɗebo ruwa ta ɗaga ƙoƙo, Malama Rabi ta fara karanto niyya, sai na ji na ce a dakata. Na naɗe hannun riga na tsoma gwiwar hannu a bokitin. Ruwan ya yi zafi. Wadda ta dafa shi ta yi ne da kyakkyawar niyya, ta cika wuta. Na sa aka miƙo na randa ta bakin ƙofa, na sirka, na sake gwadawa.

Daga nan hannuna ya riga littafin. Ban san inda abin ya zauna a jikina ba duk shekarun nan, ni da na yi ta ƙoƙarin manta shi. Tsarki a ƙarƙashin zane, alwala, kai. Da muka zo juyawa na kama kafaɗarta, Malama Rabi ta kama ƙugu, muka juya ta shiru. Nan take na ji kamar na faɗa ɗakin mutum ba sallama. Na ce mu mayar da ita. Malama ta dube ni, ta duba littafin, ba ta ga wurin ba, amma ta mayar.

Na sunkuya dab da kunnenta.

"Gwaggo, ni ce Balki. Na zo. Za mu juya ki."

Muka wanke dama, muka wanke hagu. Da ruwan magarya, da ruwa zalla, na ƙarshe da kafur. Garin ganyen ya isa daidai, ko tsinke bai ragu ba, ta auna abinta. Na kitse mata ɗan farin gashinta gida uku na mayar baya. Indo na kuka har kafaɗunta na girgiza, ruwan kuwa na sauka inda na nuna. Na lura da haka, kuma na ji kunyar lurar da na yi.

Ni mai yawan kallo ce, aikina ke nan, kuma abin da na gani ba ya wuce alƙalamina. A ɗakin nan na ga abubuwa a jikin matar da ta yi shekara tamanin tana ɗawainiya. Suna can inda na gan su.

Muna ɗaure ƙullin ƙarshe ladan ya kira azahar. Maza suka shigo da makara, suka fita da ita ta ƙofar da a da magarya ke yi wa inuwa. Mu mata muka tsaya daga ciki muna jin takunsu har ya ɓace.

Na wanke hannuna da sabulu har gwiwa, na sake wankewa, na zauna. Zafi ya yi zafi. Aka kawo ruwan sanyi a babban kofi, na sha, na miƙa wa wadda ke kusa da ni, ƙawata tun firamare, wadda muka yi jifan magarya tare. Ta dubi kofin, ta dubi hannuna.

"Na gode, Balki. Azumi nika yi."

Ranar Talata, da jan goro a haƙoranta. Na ce Allah ya karɓa.

Indo ba ta ƙara yi mini magana ba. In na shigo ɗaki ta fita, in ta gaishe ni tana kallon bango. Na san wannan shirun, na san tsawonsa, ni na yi shi. Ban je ba ta haƙuri ba, don ban tabbata na yi nadama ba. Sai yanzu nake tunanin Gwaggo ta san abin da zai biyo baya ranar da ta kama hannuna, ta san za ta rasa ni shekara da shekaru, ta kama duk da haka. Ta dubi tsakar gida cike da manya, ta ga ba mai tashi.

Ranar sadakar uku da hantsi, na yi sallama da mutane, makullin mota na hannuna, sai wani dattijo ya yi sallama a zaure. Daga Gidan Katta yake, a kan babur. Matarsa ta rasu da safe, an ce masa nan ne gidan mai wanka. Bai ji labari ba. Ummaru ya gaya masa, dattijon ya yi salati, ya yi ta'aziyya, sannan ya tsaya yana juya hularsa a hannu, don matarsa na can kwance kuma rana na hawa. Maganar ta iso cikin gida. Matan suka juyo gaba ɗaya suka dube ni.

Ina da aji washegari. Ina da gida a Sakkwato, da miji, da suna a ƙofar ofis. Na ce wa Hadiza ta miƙo mini kwallar. Malama Rabi ta ɗauki mayafinta, wannan karon ta bar littafin a kan tabarma. Na ce wa dattijon in mun ga magarya a hanya zai tsaya mu tsinki ganye. Indo na cikin ɗaki, ta ji komai, ba ta fito ba. Ban kira ta ba.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa'u, wadda muke kira Kulu, ta zo gare ka. Ta suturta bayinka mata ba adadi, na gida da baƙi, ka suturta ta. Ta rufe abin da ta gani, ka rufe nata. Ba ta taɓa ƙona wanda ba ya iya faɗa ba, ka haramta jikinta ga wuta. Ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi, ka sa a yi mata magana da taushi a can kamar yadda ta yi wa na hannunta. Ka haɗa ta da A'isharta, da Innata, da baƙuwar tasha wadda har yau ba mu san sunanta ba.

Ka ba Ummaru da Hadiza da 'ya'yansu haƙurin rashinta. Ka yafe wa unguwarmu kwanon da ta ware mata, ka yafe mini gaisuwar zaure. Indo kuma, ya Allah, ka sanyaya zuciyarta, ka sa fushinta ya fi nawa gajarta, don ni ma ina da ranar da zan kwanta a kan katakon nan, kuma na riga na ga hannun da ba ya rawa. Amin.